Tun ranar da 'yan bindiga suka tare mu gabana bai daina faɗuwa ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce, shekarata 29, yarana biyu. Wajen wata bakwai kenan muna dawowa daga biki ni da ƙaramin ɗana mai shekara uku, 'yan bindiga suka tare hanya suka buɗe wuta. Direbanmu ya taka burki kowa ya ɓalle ƙofa ya faɗa daji, ni kuwa Anti wallahi ƙafafuna suka ƙi, ina zaune yaron yana kan cinyata yana tsala kuka, ina gani ina ji amma ko yatsa na kasa ɗagawa, ko salati ya ƙi fita a bakina. Wata baiwar Allah ce ta dawo ta fizgi yaron ta ja ni. Allah ya tsare mu, amma an tafi da wasu daga motar da ke gabanmu.

Tun daga nan ban koma daidai ba. In na ji ƙarar babur da daddare ko an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta dinga bugawa, gumi ya keto min, hannuna ya yi sanyi, yatsuna su dinga tsikari, numfashi ya ƙi isa, in ji kamar mutuwa ce ta zo. Barci sai rabi da rabi, ga munanan mafarkai. Na daina shiga motar tafiya, ko gaisuwar rasuwar kawuna ban je ba. Abu kaɗan na hau yara da faɗa. Maigida da farko ya tausaya min, yanzu cewa yake rashin tawakkali ne, ai ko ƙwarzane ban yi ba. Surukata ta ce iska ce ta shafe ni a dajin, an yi ta rukiya da hayaƙi ba sauƙi. Mai kemis ya ba ni ƙwayar barci ina sha. Anti ciwon zuciya ne ya kama ni ko haukacewa zan yi? Kuma wace irin uwa ce za ta kasa ɗaukar ɗanta ta gudu?

Wa alaikumussalam 'yar'uwata. Sannu, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ƙara tsare ku, waɗanda aka tafi da su kuma Allah ya kuɓutar da su. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ina ganin ita ce ke cin ranki fiye da bugun zuciyar ma, kuma ina zaton ba ki taɓa furta ta a gaban kowa ba sai yanzu.

Abin da ya same ki a motar nan sananne ne sosai, kuma ba ke kika zaɓe shi ba. In ɗan Adam ya yi arba da mutuwa jikinsa yakan yi ɗaya daga abu uku, ko ya yi faɗa, ko ya ruga, ko ya sandare. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa shi ne hango hatsari, kuma yana yanke hukunci tun kafin ɓangaren tunani ya gama fahimtar me ke faruwa. Ba ya shawara da ke, ba ya tambayar ke uwa ce ko budurwa, mai ƙarfin hali ce ko matsoraciya. Sojojin da aka horar ma yana faruwa da su a fagen fama, yana faruwa da direba da ya ga tirela ta nufo shi, yana faruwa da matan da aka yi wa fyaɗe su kasa ko ihu, daga baya mutane su zo suna tambayarsu me ya sa ba ki yi ihu ba, tambayar da take min ciwo duk sanda na ji ta. Matar da ta dawo ta ja ki Allah ya saka mata da alheri, jikinta gudu ya zaɓa, naki ya zaɓi ƙamewa, ba wai ta fi ki son ɗa ba ne. Kuma ki sake karanta abin da kika rubuto min da hannunki, kin ce yaron yana kan cinyarki. Ba ki ture shi kin tsere ba, ba ki manta da shi ba, yana jikinki har aka zo aka ɗauke ku tare. Dan Allah ki sauke wannan laifin, ba naki bane, na waɗanda suka tare hanya da bindiga ne.

To yanzu bari mu zo kan abin da jikin ke yi, don in kin san shi rabin tsoron zai tafi. Tun a 1915 wani masanin aikin jiki a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan shiri na faɗa ko gudu. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ce akwai hatsari sai ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Cikin daƙiƙoƙi zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini zuwa cinyoyi da damatsa, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukari don a samu ƙarfi. Jijiyoyin jinin da ke fata su tsuke, shi ne sanyin hannun da kike ji. Gumi ya fito don ya sanyaya jikin da ake sa ran zai yi gudu. Aikin narka abinci a jingine shi, shiyasa baki ke bushewa, ciki ya juya, wasu har fitsari ko gudawa ta matse su, ai mu ma muna cewa cikin wane ya ɗuri ruwa. Tsikarin yatsu da jiri kuma daga saurin numfashin ne, kina fitar da iskar da ake kira kabon dayoksaid fiye da kima, sai yatsu da leɓe su ɗau tsikari, wani sa'in har hannu ya ƙandare, ki ji kamar iska ba ta isarki alhali ta ma yi yawa. Kinga duk abin da kika lissafa min babu ko ɗaya da ya fita daga wannan tsari. Jiki ne yake shirya ki don ki tsira.

Matsalar ita ce shirin ya ƙi kwanciya bayan hatsarin ya wuce. Ki ɗauka mai gadi ne da ɓarayi suka taɓa shammata suka kusa kashe shi, tun daga ranar ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ya zabura ya busa usur ya tashi gida gaba ɗaya. Ba mugunta yake yi ba, ya rantse ne ba za a sake shammatarsa ba. A ranar nan ƙwaƙwalwarki ta haɗa ƙarar babur da ƙarar harbi da mutuwa ta ɗaure su wuri guda, yanzu ɗaya ya motsa sai sauran su biyo. Kuma jikin da yake kwana cikin shiri ba ya samun barci mai nauyi, wanda bai yi barci ba kuwa haƙurinsa gajere ne, nan faɗan da kike wa yara ya samo asali. Mafi yawan mutane bayan irin wannan tashin hankali sukan yi 'yan makonni a firgice sannan abin ya lafa da kansa. In ya wuce wata guda ana mafarkin abin, ana gudun duk abin da ke tuna shi, ana zabura, har ya hana mutum harkokinsa, likitoci suna kiransa PTSD, wato ciwon firgici na bayan tashin hankali, kuma abin da kika kwatanta ya yi kama da shi ƙwarai. Ba hauka bane kuma ba ya rikiɗewa ya zama hauka. Shi wannan taso-taso da kike jin kamar za ki mutu yawanci cikin minti goma yake kai ƙarshen ƙarfinsa sannan ya fara sauka, jiki ba zai iya riƙe shi a sama ba.

Duk da haka ina so ki je asibiti a duba ki, kuma ba wai don in kwantar miki da hankali kawai ba. Ƙarancin jini yana sa bugun zuciya, haka ma in halittar tayirod da ke wuya tana aiki fiye da kima, haka hawan jini, kuma a nan arewa ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a tsakanin mata. Ki nemi a auna jininki da hawan jini, a yi gwajin zuciya na ECG, in likita ya ga dama ya ƙara da na tayirod. In kuwa kina jin ciwon ƙirji lokacin aiki, ko kina suma, ko ƙafa na kumbura, ko ba kya iya kwanciya flat sai kin tada kai da filo, to wannan kar ki jira gobe. Abu ɗaya da nake roƙonki, ki gaya wa likitan labarin hanyar nan. Mata da yawa sukan je su ce kawai gabana ke faɗuwa, a rubuta musu maganin ulsa ko na maleriya su dawo gida da ciwonsu. Ki ce masa tun ranar da aka tare mu abin ya fara, ina so a tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai a Kware ta Sakkwato, akwai a Maiduguri, a Kano ga na Dawanau ga kuma sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, haka asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Na san abin da mutane za su ce in sun ji an ambaci waɗannan wurare, amma ki je ki ga layin da idonki, malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da matan aure irinki.

Maganin da ya fi aiki a wannan ciwo zama ne da ƙwararre, kuna bin abin da ya faru a hankali cikin tsari har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce, ta ajiye shi a cikin abubuwan da suka wuce. Wani lokaci a haɗa da ƙwaya irin su sataralin ko fuluzetin, waɗanda ba sa bugarwa, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kar ki sha kwana biyar ki ce ba ya yi.

Ƙwayar mai kemis kuwa ita ta fi damuna a duk wasiƙarki. In diyazefam ce, wadda ake ce wa baliyam, ko 'yan uwanta, to tana kwantar da jiki na dare ɗaya amma ba ta warkar da komai, kuma jiki yana saurin sabawa da ita har ya kasa barci sai da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2013 ta yi gargaɗin kar a ba wa waɗanda suka shiga tashin hankali irin wannan magani don rage firgici a watan farko bayan abin ya faru. In kin jima kina sha kullum kar ki yanke lokaci ɗaya, hakan ma yana da hatsari, ki ɗauki kwalin ki kai wa likita ya rage miki a hankali. Tiramol da maganin tari mai kodin ko da wasa kar wata ƙawa ta ce ki gwada. Goro da shayi mai kauri da Nescafe da lemon ƙara kuzari ki rage su sosai musamman daga la'asar, don suna ƙara wa zuciya gudu, ita kuma ƙwaƙwalwarki da ta ji zuciya ta yi sauri sai ta ɗauka an dawo.

Kafin ki samu ganin likita akwai abin da za ki iya yi da kanki in abin ya taso. Numfashi shi ne ƙofar da ke hannunki, domin duk sanda mutum ke fitar da iska a hankali zuciya na rage gudu, akwai jijiya mai suna bagas da ke yin wannan aiki. Ki zauna, ki dafa cibiyarki, ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu har ki ji cikin ya ɗaga hannun, sannan ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga shida ko fiye, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, wannan shi ne sirrin. Ki taka tafin ƙafarki a ƙasa ki ji sanyin siminti, ki dubi ɗakin ki ambaci abin da kike gani da suna, ga labule, ga fanka, ga takalmin yaro a bakin ƙofa, ki ce wa kanki a fili ina ɗakina, babur ɗin maƙwabci ne, wancan ya wuce. Ruwan sanyi a fuska yana taimakawa, ko ki tashi ki yi alwala. Amma ki dinga gwada numfashin lokacin da kike lafiya lau, misali bayan kowace salla kina kan sallaya kina tasbihi a hankali, don abin da ba a saba ba ba ya zuwa lokacin ruɗu. Ki dinga motsa jiki ko da zagayen tsakar gida ne, kuma dan girman Allah ki daina buɗe bidiyon 'yan bindiga da gawarwaki da ake turowa a WhatsApp da TikTok, ki fita daga guruf ɗin in ta kama, jikinki ba ya bambance na waya da na gaske yadda kike zato.

Maganar mota sai mu yi gaskiya. Ba zan ce miki hanyoyinmu lafiya suke ba, ba lafiya suke ba, kuma wanda ya ƙi tafiyar dare ko ya tambayi halin hanya kafin ya fita hankali ya yi. Amma ƙin shiga mota kwata-kwata yana ƙara wa tsoron ƙarfi, don duk ranar da kika fasa sai ƙwaƙwalwa ta ce kin gani, da mun shiga da mun mutu. Ki fara da ƙanƙani, ki zauna a motar da ke tsaye a ƙofar gida tare da wanda kika yarda da shi har bugun ya sauka da kansa kafin ki fito, in kin saba da wannan ku zaga unguwa da rana, daga nan cikin gari, tafiya mai nisa sai can gaba kuma da shawarar wanda ke duba ki. Iyalan kawunki ki kira su ki yi musu gaisuwa ki faɗa musu ba ki da lafiya ne, za su fahimta fiye da yadda kike tsammani.

Maigidanki ban ga alamar mugu bane, kin ce da kanki ya tausaya da farko. Shi ma ya kusa rasa mata da ɗa a rana ɗaya, ya kashe kuɗi, ya ga wata bakwai ba canji, kuma mazanmu da yawa in sun rasa yadda za su gyara abu sai su koma faɗa. Amma maganar rashin tawakkali bai yi daidai ba, kuma tana ƙara miki ciwo. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji ya juya da gudu bai waiwayo ba, sai da Allah ya ce masa kar ka ji tsoro. A suratul Ahzab an siffanta ranar yaƙin Khandaƙ da cewa idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro, an girgiza muminai girgiza mai tsanani, kuma sahabbai ake magana. Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam da kansa ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na kaɗawa yana cewa ku lulluɓe ni, Nana Khadija ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi, ta gaya masa magana mai sanyi, sannan ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal wanda yake da ilimi. Ba ina haɗa halinki da nasu bane, ina nuna miki cewa kaɗawar zuciya ba ta kore imani, kuma abin da Nana Khadija ta yi shi ake so daga abokin zama. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi, ba tsakiyar dare da abin ya taso ba, ki ba shi wannan amsar ya karanta, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, maza sukan fi yarda in sun ji da kunnensu. Ki faɗa masa takamaimai abin da kike so, in abin ya zo ya zauna kusa da ke ya riƙe hannunki ya ce ina nan, ba sai ya ce ki daina ba, don da dainawa a hannunki take da tuni kin daina. In ya ƙi rakiyar ki nemi izininsa ki tafi da mahaifiyarki ko yayarki, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Surukarki ma neman sauƙi take miki da abin da ta sani, kar ki yi jayayya da ita, ɗanta ne zai yi mata bayani da ladabi cewa za a haɗa da asibiti. Karatun Alƙur'ani da azkar ki riƙe su, suna sanyaya zuciya kuma ba su hana shan magani ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, ko yi miki ihu a kunne, ko turnuƙe ki da hayaƙi a rufaffen ɗaki har numfashi ya sarƙe, wanda yake fama da firgici wannan ƙara masa ake yi, haka kuma duk wanda zai ce sai an kawo kuɗi masu yawa ko dabba kafin aljani ya fita.

Yaran kuma in kin yi musu tsawa kin huce, ki jawo su jiki ki ce Umma ba ta jin daɗi ne, ba laifinku bane, yara suna gane wannan. Ki sa ido a kan ƙaramin tunda shi ma yana wurin, in ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci, ko ya manne miki ba ya yarda da kowa, ki faɗa wa likitan shi ma a duba shi, kar a dake shi a kan haka.

In wata rana kika ji tunanin gara ki mutu ki huta, ko na cutar da kanki, kar ki riƙe shi ke kaɗai ko na dare ɗaya, ki faɗa wa maigida ko mahaifiyarki a kai ki asibiti a ranar. Ki yi ƙoƙari ki ga likita cikin makon nan, ki tafi da kwalin ƙwayar, sannan ki rubuto min abin da ya ce da yadda kuka yi da maigida. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwata.